Shayin da Na Dafa a Tsakiyar Rumbunan Tudun Aduwa

Duk faɗin Dakoro, daga tasha har kasuwar dabbobi, babu mai ƙafar tuƙa keke irin tawa. Haka na faɗa da bakina a fadar da muke zama ƙofar shagona, gaban mutum tara da butar shayi biyu. Ni ne Isuhu Tela, shekarata hamsin da biyu, tumbina yana riga ni shiga masallaci. Amma na ce musu ƙafar da ta yi shekara talatin tana taka keken ɗinki, in aka haɗa takunta wuri guda, ta je Makka ta dawo sau huɗu.

Sani Mai Nama ne ya jawo maganar. Ya nuna mana wani Bature a salularsa, yana yawon duniya shi kaɗai bisa keke, inda rana ta faɗi ya kafa tanti ya kwana. Sani ya ce, "Wanga aiki sai su. Mu nan in mutum ya je Kornaka bisa moto, kwana biyu ana gasa mishi baya." Ni kuwa na miƙe na yi alkawari uku: zan je Maraɗi in dawo bisa keke ni kaɗai, ba zan ci abincin kyauta ba, kuma ba zan kwana ƙarƙashin rufin kowa ba.

Alkawari na ukun nan ba don jarumta na yi shi ba, gara in faɗa tun yanzu. Hanyar Maraɗi tana wucewa ta kusa da Tudun Aduwa, garin Kawu Abdu, ƙanen mahaifiyata Mariyama. A gidansa na yi shekara huɗu bayan rasuwarta, matarsa Inna Hausu ce ta riƙa wanke mini kai. Rabona da garin shekara shida. Da Inna Hausu ta rasu shekara biyu da suka wuce, ɗinkin salla ya riƙe ni, na yi gaisuwa ta salula, na ce ina nan tafe. Kullum ina nan tafe, har kunyar zuwa ta fi ƙarfin niyyar zuwa. Sai na ga da wannan alkawari zan iya wuce garin da hujja a hannu.

RANA TA FARKO: DAKORO ZUWA DAJI

Na fito ƙarfe shida saura minti goma, bayan sallar asuba, cikin sanyin bayan kaka. Kayana: tantin da na ɗinka da kaina da leda mai kauri, bargo, tabarma, bidon na ruwa, mangal na dafa shayi da gawayi, buta da kofunan shayi, garin rogo, ƙuli-ƙuli, sardin gwangwani huɗu. Keken ya koma kamar jakin mai ƙaura. Matata Rabi ta raka ni bakin ƙofa tana riƙe da fitila.

"Malam, in ka bi ta Tudun Aduwa ka gaida Kawu," in ji ta.

"In hanya ta ba da hali."

"Hanyar ce za ta yi sallamar?"

Na yi kamar sarƙa nake dubawa, na hau na tafi.

Ƙarfe shida da kwata na isa shingen jandarma na bakin gari. Wani dogo ya karɓi katina, ya zagaya keken sau biyu.

"Baba, ina zuwa da wannan kaya? Gobara aka yi?"

"Maraɗi, shef. Yawon buɗe ido."

"Bisa wannan?" Ya kira abokinsa ya zo ya gani. "Kuɗin mota ne babu? Mu yi maka karo-karo."

Na ce masa akwai abin da kuɗi ba ya saye. Ya ce lalle, har da hankali. Ya ɗaga mini igiya.

Awa biyun farko, wallahi na ɗauka an haife ni ne don wannan. Iska tana tura ni ta baya, ni kuwa ina ce ƙarfina ne. Gudron, wato kwalta, shimfiɗe, gonaki an gama girbi, kara tsaye, shanu suna kiwo a ciki. Na wuce amalanke uku da wani tsoho bisa jaki, na ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. Daga ƙarfe tara hanya ta fara nuna halinta: tudu, gangare, tudu kuma. Gangaren ba ya kai minti guda, tudun kuwa sai ka yi istigfari ɗari. Sirdin keken, da na ɗauka abokina ne, ya fara cin amana. Da azahar ina tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya jiya.

Na yi salla a wani ƙauye na bakin hanya, na sayi ƙosai na dala ashirin. Mai ƙosan ta ƙara mini biyu gyara, na mayar mata saboda alkawari. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce Allah shi ba ni lahiya.

Ƙarfe biyar na yamma, bisa lissafin duwatsun bakin hanya, na yi kilomita talatin da huɗu. Na sauka daga gudron na tura keken cikin daji, na kafa tanti ƙarƙashin wata aduwa. Ba zan ɓoye ba, yammacin nan ya yi daɗi. Ba kukan inji, ba mai zuwa tambayar ko an gama rigarsa. Na dafa shayi, na kwaɗa gari da sardin, na ga rana ta faɗi ja wur bayan karan gero. Na ɗauki hoto na aika wa fada, na rubuta: kilomita sittin.

RANA TA BIYU: KORNAKA

Na tashi na tarar da tayu biyu duk a kwance. Wanda ya kwantar da keke ƙarƙashin aduwa, ƙaya ya kai wa abinci. Bargona kuma ya kwashi ƙarangiya har ya koma bushiya. Na tura kayan nan kilomita huɗu kafin in sami mai gyaran taya a wani ƙauye. Ya tsoma shambur, robar cikin taya, a ruwa, kumfa ta riƙa tashi ta ko'ina.

"Alhaji, wanga ba shambur ba ne, rariya ce. Huji tara."

Ya liƙe su duka, ya ce kada in yarda da su fiye da yadda zan yarda da ɗan siyasa. Na bar wurinsa ƙarfe goma da rabi, na shiga Kornaka ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Na ci shinkafa da wake na dala sittin a tasha, na cika bidon, na kwanta a inuwar wani shago da niyyar minti goma. La'asar ce ta tashe ni.

A nan lissafina ya rushe. Mararrabar Tudun Aduwa tana kilomita goma sha biyu gaba da Kornaka, na so in wuce ta da rana tsaka, hula a ido, in yi nisa kafin wani ya ce ga wane. Na taka da iyakar ƙarfina. Saura kaɗan in kai mararrabar, tayar baya ta yi wani dogon tsaki ta kwanta. Rana ta kusa faɗuwa. Ga garin can hannun hagu, ina hango rimin ƙofar masallaci.

Mai hankali ya san abin yi. Ni kuwa na sauka daga hanya na zagaya ta bayan gari cikin gonaki, ina tura keke a duƙe kamar ɓarawon akuya. Na iso inda rumbunan gari suke, kamar goma sha ɗaya a jere, an cika su da sabon gero an ɗaure musu hula. Wurin a share tas, ba ƙaya ba ƙarangiya, ga kariyar iska. Na ce Allah ya yi wa matafiyi masauki. Shekara talatin a Dakoro ta sa na mance dalilin da ya sa manomi yake share gindin rumbunsa ƙal, ba ya barin ko tsinke.

Ina kafa tanti aka kira magariba. Daga inda nake zuwa zauren Kawu, ko gurgu ba zai huta a hanya ba. Na yi sallata ni kaɗai bayan rumbu, na ci gari busasshe ban kunna wuta ba don kada a gan ni, na kwanta da niyyar in ɓace kafin gari ya waye.

RANA TA UKU: TUDUN ADUWA

Sanyin asuba ne ya kashe ni. Yatsuna sun ƙi lanƙwasa, ga liƙin taya yana jira. Na ce bari in ɗora shayi kofi guda. Raɓa ta jiƙa gawayin, ya ƙi kamawa. Sai na tattaro ɗan kara daga gona na cusa a mangal, na durƙusa ina hurawa. Hayaƙi ya tashi fari fat, ya miƙe sama daga tsakiyar abincin shekarar gari guda, daidai lokacin da maza suke fitowa daga masallaci.

"Wuta! Wuta ga rumbuna!"

Ban taɓa sanin garin yana da mutane haka ba. Na rantse sun kai dubu, ko da yake daga baya an ce mini duk garin ba su kai ɗari huɗu ba. Maza da sanduna da rassan ganye, mata da tuluna da bokitai. Kafin in ce assalamu alaikum, tulun farko ya sauka kan mangal, na biyu kan tanti, na uku a kaina. Wata mata ta zo a guje da ƙwaryar ƙasarin da ta ajiye wa awakinta, ta sheƙa mini a fuska. Tana ɗaga ƙwaryar za ta buga mini, sai ta tsaya.

"La ilaha illallahu. Isuhu?"

Dije ce, 'yar Kawu, taubashiyata, wadda muka yi shekara huɗu muna faɗa kan ƙanzo. Ta juya ta ce wa jama'a, "Ku dakata, kada ku kashe shi. Mahaukacinmu ne na Dakoro."

Ko zangarniya ɗaya ba ta ƙone ba, Allah ya tsare. Amma ba wanda ya yi dariya. Na ga wani dattijo ya dafa rumbunsa da hannu biyu yana salati. A nan na gane abin da na tashi yi. Aka tasa ni gaba zuwa ƙofar mai gari, ina ɗigar ƙasari, wani yana tura kekena a baya.

Samari suka ce a kira jandarma daga Kornaka. Mai gari ya sa na zauna a ƙasa, ya ce in yi bayani. Na yi bayanin Bature, da fada, da alkawari uku. Ban taɓa jin magana ta lalace a bakin mai ita irin wannan ba.

"Wato ba sata ka zo yi ba," in ji mai gari.

"A'a, ranka shi daɗe."

"Ba kuma wani ya aiko ka ba."

"A'a."

"Kawai kana da gida Dakoro, kana da gida nan, ka zaɓi gindin rumbu. To ga yadda muke yi. In kana da mai kai a garin nan, maganar gida ce, shi za ya tsaya maka. In ba ka da kowa, ta hukuma ce. A kira Malam Abdu."

Na fi son jandarma a lokacin, Allah shaida ne.

Kawu ya iso yana dogara sanda. Ya rame, gemunsa ya yi fari duka, aljihun rigarsa a yage yana lilo. Ya gaisa da mai gari, bai zauna ba. Ya dube ni ya daɗe.

"Yaushe ya iso?" Kawu ya tambayi mai gari.

"Jiya gab da magariba, in ji shi."

"Ya ji kiran salla?"

Kowa ya juyo gare ni. Na ce, "Na ji, Kawu."

Kawu ya kau da kai. Ya ce wa mai gari, "Ɗan Mariyama da na sani, in ya ji kiran sallar garin nan, ƙohwata yake nuhwa. Wanga ban san shi ba. Ku dai ba shi ruwa, baƙo ne." Ya juya ya tafi a hankali, sandarsa tana barin rami cikin rairayi.

Mai gari ya kori samarin, ya ce za a jira zuwa azahar kafin a kira jandarma. Aka ba ni wata tsohuwar riga na sauya, na zauna gindin bango. Kamar yadda ake yi wa baƙon mai gari, maƙwabta suka fara aiko da abinci. Wajen ƙarfe goma Dije ta zo da ƙwaryar fura ta dire gabana.

"Inji Baba, a ba baƙon mai gari."

"Dije, ki taimake ni."

"Sha tukuna. Ko har yanzu alkawarin Baturen yana nan?"

Na sha. Na ajiye ƙwaryar. Ta zauna nesa kaɗan, ta daina wasa.

"Ka san da Inna ta rasu, kwana bakwai Baba yana sa a shimhiɗa tabarma guda a zaure, ba mai zama kanta? Mota in ta tsaya bakin gudron sai ya ce a leƙa. Ran na takwas ya naɗe ta da kanshi. Bai ƙara kiran sunanka ba. Yanzu kuma duk gari za su ce ɗan 'yar uwarshi ya gwammace ƙasa da ɗakinshi. Da wace huska za ya shiga masallaci?"

"Mi zan yi?"

"Kai ba ka iso ba tukuna. Wanda ya kwana bayan gari bai iso ba. Ɗauki tarkacenka ka koma gudron, ka shigo ta hanya kamar ɗan mutane."

Mai gari ya yarda. Na ɗaure jiƙaƙƙun kayana, na tura keken da tayarsa a kwance, kilomita ɗaya da rabi har bakin gudron. Na juyo. Ƙarfe ɗaya daidai na kamo babbar hanyar shiga gari. Mutane sun fito ƙofar gidajensu suna kallo, kuma duk wanda na wuce sai ya ce, "Maraba da baƙo, sannu da hanya," kamar ba shi ne ya zuba mini tulu da safe ba. Wannan tafiyar ta fi mini tudun jiya duka nauyi.

Na jingina keke a bangon zauren Kawu, na cire takalmi. Na yi sallama, shiru. Na sake, shiru, ina kuwa jin tarinsa a ciki. Na yi ta uku.

"Wa alaikumus salam. Wane ne?"

"Isuhu ne, Kawu. Ɗan Mariyama, daga Dakoro."

"Yanzu ka iso?"

"Yanzu na iso. Na zo gaisuwar Inna. Ya haƙuri, Kawu?"

Ya yi gyaran murya. Sannan ya ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Shigo, rana tana dukanka."

Na durƙusa gabansa na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina cikin gidan nan. Ya bar ni na gama. Muka yi wa Inna addu'a. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Dije, je ki gaya wa mai gari ɗana ya zo. In akwai wata magana, ni za a nema."

RANA TA HUƊU DA TA BIYAR

Kwana uku na yi, a ɗakin da na yi ƙuruciya, ƙarƙashin rufi, ina cin tuwon kyauta safe da yamma. Kawu ya sa na sayi goro, ya tasa ni gaba gida goma sha ɗaya, gidan kowane mai rumbu, ina durƙusawa yana ba da haƙuri a madadina. Tsohon da ya kamata a ce yana hutawa, shi yake sunkuyar da kai saboda ni. A gida na bakwai ƙafarsa ta gaji, muka zauna bisa wani turmi har ya huta.

Sauran lokacin na ɗauki allura da zare na bi rigunansa ɗaya bayan ɗaya. Tun rasuwar Inna ba wanda ya taɓa su, shi kuma ba ya faɗa. Tela guda a dangi, kawunsa yana yawo da yagaggen aljihu. Tantina kuwa Dije ta farke shi ta shanya wake a kai, ta ce yanzu ya sami aikin yi. Na tambayi Kawu ko in ƙarasa Maraɗi. Ya ce, "Wa gare ka can da ba ka gaisar ba?" Na bar maganar.

RANA TA SHIDA: KOMAWA

Ƙarfe tara na safe na shiga wata motar kasuwa a bakin gudron, aka ɗaure keken a sama tare da raguna biyu. Hanyar da na yi kwana biyu ina yaƙi da ita, direban ya cinye ta cikin awa ɗaya da rabi, har da tsayawa shan ruwa. A shingen bakin gari dogon jandarman nan ya leƙo, ya ga keken a sama, ya gan ni a ciki, ya sara mini.

Na so in sauka bayan gari in shigo bisa keke, amma labari ya riga ni ta salula. Ina isowa ƙofar shago Sani Mai Nama ya miƙe ya rungume mangal ɗin fada, yana ihu wai a ɓoye ashana.

Ina gode wa Allah da ya tsare geron mutane daga hannuna. Ina gode wa mai garin Tudun Aduwa da bai yi gaggawa ba, da Dije duk da ƙasarinta, da Rabi da ta karɓi jakata ba ta ce komai ba, ko da yake kafaɗunta suna rawa don dariya.

Bayan la'asar ina zaune tsakar gida, ƙafafuna cikin ruwan ɗumi, salula ta yi ƙara. Lambar Dije ce, amma muryar Kawu.

"Isuhu, ka isa lahiya?"

"Lahiya lau, Kawu, tun kafin azahar. Ga ni gida."

"To madalla. Cikin gidan kake, ko bayan danga?"